Jana'izar da Na Yi wa Hamani

Ran nan samarin layinmu suka kafa kyamarar bidiyo a ƙofar gidana, nan unguwar Maamobi ta Ankara, wai fim suke haɗawa. Ina zaune a benci ina kallonsu. Jarumin ya yi tuntuɓen baki, mai kyamara ya ce a sake. Ya kuma, aka sake. Sai da na ƙirga sau goma sha ɗaya a kan magana guda. Da dariya ta ƙwace mini, ɗayansu ya juyo ya ce, "Baba Garba, aikin ba wuya kraa, ko kaɗan. In ya ɓaci, ka maida kaset baya ka ɗora wani a kai." Na ce masa Allah ya ba da sa'a. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma tun da na san ba za su zauna su saurari tsoho ba, na ce bari in rubuta, in sun ga dama wata rana su karanta.

A Zongo Lane aka haife ni. Mahaifina fatauci ne ya kawo shi Ankara daga ƙasar Katsina, kuma burinsa in gaje shi wajen ƙirgar goro. Ni kuwa na ɗan taɓa boko, ina jin Hausa da yaren Ga da na Tuwi da Turancin da zai fitar da mutum kunya, saboda haka na samu aiki a motar majigin gwamnati. Muna shiga ƙauyuka da zanguna, a kafa farin ƙyalle bayan sallar isha, a nuna cutar itacen koko da yadda ake haƙa salga. Nawa aikin shi ne in riƙe lasifika ina faɗa wa jama'a abin da suke gani. Mai kula da majigin wani dattijon Ga ne, Ata Kwei, mutum mai tsada da magana. A wurinsa na koyi komai.

Aikin farko da ya ba ni ina tuna shi kamar jiya. Fim ya tsinke mana a wani ƙauye, da safe ya miƙo mini reza da 'yar kwalbar gam ya ce in haɗa. Ga yadda ake yi, ku da ba ku taɓa riƙe fim a hannu ba. Ka yanke bakin biyu daidai kan layin da ya raba hoto da hoto. Ka kankare gefe ɗaya da reza a hankali har baƙin ya fita, ya zama garau. Ka ɗiga gam ɗin nan mai shiga hanci, ka haɗa ramukan gefe su dace, ka danne ka ƙirga ashirin. Ni da rawar jiki na yanke wajen taki guda ya tafi. A fim ɗin akwai wani malamin gona da zai shigo ɗaki ya zauna. Tun daga ranar, yana bakin ƙofa sai kawai a gan shi a kan kujera kamar aljani. Ata Kwei bai zage ni ba. Cewa ya yi da Hausarsa ta kasuwa, "Garba, fim ba riga ba ne. Riga, tela yana ƙara masa ƙyalle. Wannan ka yanka, ya tafi." Shekara biyu muna yawo da fim ɗin, kuma duk sanda aka zo wurin sai ya yi gyaran murya.

Kyamara na same ta bayan an karɓi mulkin kai, a gwanjon kayan wani Bature da zai koma gida. Ƙarama ce, baƙa, mai nauyi kamar dutsen guga. Ba ta jin magana, hoto kawai take ɗauka. Murɗa ta ake yi kamar agogon bango, in ka cika ta ta yi maka aikin da bai kai rabin minti ba, sai ta tsaya. Saboda haka duk abin da za a yi, kuka ne ko faɗa ko ban kwana, dole ya shige cikin wannan ɗan lokacin. Naɗi ɗaya ƙafa ɗari ne, bai wuce minti huɗu ba, kuma kuɗinsa ya isa cefanen gida na kwanaki. A ƙarƙashin baƙar riga nake zura shi, da laluben yatsu, don haske kaɗan ya taɓa shi ya ƙone. Fitila ba mu da ita sai rana. Da hantsi muke ɗauka, ko bayan la'asar, domin rana tsaka tana mayar da fuskar baƙin mutum rami. Na tara takardar azurfa ta cikin kwalin sigari na manna a jikin katako, da ita nake harba haske a fuskar 'yan wasa.

Kuma in ka gama ba ka ga komai ba. Ka kulle naɗin a gwangwani, ka kai gidan waya, ya tafi Ingila a wanke. Ka yi mako shida ko bakwai ba ka san ko ka ɗauki mutane ba ko ka ɗauki duhu. In ya dawo, wannan fim ɗin da ya bi ta cikin kyamara shi ne dai zai bi ta cikin majigi. Ba shi da na biyu a duniya. Ya karce, ya karce har abada. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin yake.

Da na bar aikin gwamnati, masu kaya ne suka riƙe ni. Mai sabulu, mai atamfa, mai man shafawa, kowa yana son a ga kayansa a farin ƙyalle. Babbansu Alhaji Bawa mai magani, wani Basakkwace mai fara'a da ke sayar da wani ruwa ja a kwalba, wai maganin kasala. Na yi masa fim na minti bakwai. Wani siriri ya kasa ɗaga buhun gari, mata suna yi masa dariya, ya sha magani, ya ɗaga buhu biyu da mai buhun a kai. Audugar rimi ce a cikin buhunan. An nuna fim ɗin nan a unguwannin Nima da Maamobi da Sabon Zango har ramukan gefensa suka yage, kuma kowane lokaci sai an yi dariya a wuri ɗaya. Motar Alhaji ke ɗaukar majigi, injinsa ke ba da wuta, yaransa suna zagayawa da kwalabe. Shekara shida ina ci daga wannan, ban taɓa kwana da yunwa ba. Ba zan yi masa butulci ba. Sai dai duk sanda aka tashi, jama'a suka watse, na tsaya ina naɗe fim ni kaɗai, sai in ji kamar na yini ina ɗaukar ruwa a kwando.

Wata rana na je wani gidan haya a Nima neman wurin ɗaukar tallan sabulu. Mai gidan, Mma Azumi, ta buɗe mini wani ɗaki, sai na ga ƙunshi rataye a jikin azara, ƙura ta yi masa hula. Na tambaye ta na wane ne. Ta ce, "Na wani baƙo ne, ya mutu a nan shekara biyar. Ba a taɓa shi. Sai ɗan'uwansa ya zo." Na san al'adar tun ina yaro, kowane ɗan zango ya san ta. Baƙo in ya mutu a cikinmu, mu za mu wanke shi mu binne shi. Kayansa kuwa amana ce, mai masauki zai ƙulle ya rataye har wani daga garinsu ya zo ya karɓa. Kuma duk matafiyin da ya ji ko ya ga mutuwar, wajibi ne a kansa ya kai labari gida in ya bi ta can. Ba a jira a aike shi. Na sani, amma ban taɓa tsayawa na kalli ƙunshin da babu wanda ya zo masa ba sai ranar. Ban ɗauki tallan sabulun ba, gida na koma.

Labarin da na tsara ba shi da wani ado. Ɗan dako ya zo Ankara neman abin komawa gida. Yana tara atamfa ɗaiɗai a akwati. Ciwo ya kama shi, ya mutu, mutanen zango suka kai shi. Ƙarshen fim, ƙunshinsa rataye, rana tana tafiya a jikin bango, babu wanda ya shigo. Na gaya wa Alhaji Bawa zan yi fim a kan 'yan dako, ya ji daɗi, ya ce ai su ne masu shan maganinsa, ya saya mini naɗi goma sha biyu. Ban gaya masa ƙarshen ba. Wannan laifina ne na farko, don an ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Neman jarumi ya ba ni wuya. Masu son fitowa a majigi sun fi a ƙirga, amma da zarar na ce za a naɗe mutum a likkafani a sa shi a makara, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Wani tela ya ce mini shi ba ya gwada rigar da bai shirya sawa ba. A kasuwar Makola na samu Hamani, ɗan dako. Bazabarme ne daga wani ƙauye a wajajen Doso, dogo, wuyansa kamar turmi, gashin tsakiyar kansa ya ƙare saboda gammo. Shekararsa bakwai a Kurmi, kamar yadda suke kiran nan, bai leƙa gida ba. A wurinsu mutum ba ya komawa hannu rabbana. Sai da akwatin tufafi da keke, in ba haka ba gara ya ƙara shekara. Yana da mata a can, da gonar gero da ƙanensa ke nomawa. Na zayyana masa komai har da makarar. Ya murza gammonsa, sannan ya ce, "Masta, kullum ni ke ɗauka. Rana ɗaya a ɗauke ni, ba laifi."

Ban taɓa aiki da ɗan wasa kamarsa ba, saboda ba ya wasa. In na ce ya ɗauki kaya, ɗauka yake yi. In na ce ya buɗe akwati ya duba atamfa, akwatinsa ne na gaske da turmi huɗu da ya tara wa matarsa, ya shafa su yadda yake shafa su in babu kowa. Na so in sa masa wani suna, sai na ga duk Makola Hamani suke kiransa, kuma ni a lokacin ina taƙama da cewa fim ɗina babu ƙarya a ciki. Na bar masa sunansa da sunan ƙauyensu.

Ranar jana'iza, da hantsi muka yi ta, a wani lungu da ke gangarawa bakin kwata a Nima. Liman ya ƙi ba mu aron makara sai da Mma Azumi ta sa baki, kuma ya ce sallah kam ba za a yi wa mai rai ba, na ce na yarda. Na naɗe Hamani da farin yadi, na bar fuskarsa a buɗe na ɗauka kusa, sannan aka rufe. Mutum shida na ɗauko su riƙe makara. Na murɗa kyamara ta cika, na hau kan wani tankin ruwa, na ɗaga hannu. Abin da ban lissafa ba shi ne mutanen layi. A zango ba a ganin gawa ta wuce a zauna. Mai shayi ya bar tukunya, wanzami ya bar kan da yake askewa, wani mai keke ya jingine keken, kowa ya zo ya sa kafaɗa ya yi taku kaɗan ya ba na baya. Kafin su kai ƙasan lungun sun fi mutum arba'in, babu wanda ya san wa ake kaiwa. Kyamara tana kuka a hannuna, ina addu'a kada ta tsaya. Sau uku na murɗa ta. Da aka sauke makara Hamani ya tashi zaune yana goge gumi, wasu suka ruga, wasu suka yi ta zagina, wani tsoho ya bi ni da sanda. Ban damu ba. Na san abin da na kama.

Da fim ya dawo daga Ingila na rufe taga na kalla ni kaɗai. Jana'izar da ƙunshin da ke rataye, duka ƙafa tamanin ne. A duk shekarun da na yi ina wannan sana'a, su ne kawai abin da zan iya nuna wa Ata Kwei ba tare da ya yi gyaran murya ba.

Alhaji Bawa ya kalla a shagonsa, an toshe ƙofa da bargo. Ya yi dariya a wurin dariya, ya yaba kasuwa, ya yaba Hamani. Da makara ta fito ya daina kaɗa ƙafa. Aka gama, ya juyo ya dube ni.

"Garba, ina sauran?"

Na ce, "Ke nan, Alhaji."

"Ɗana, zauna in gaya maka. Mutum ya wuni da buhu bisa kai, ya ciro sisinai ya ba ka don ya manta, kai kuma ka nuna mai kabarinai? Mi ya yi maka?"

Na ce gaskiya ce, kuma shi ma ya san gaskiya ce. Ya ce ya sani sarai, shi ya sa ba ya son biya a nuna masa. Abin da yake so, a yanke jana'izar. Hamani yana kwance, aboki ya kawo kwalba, ya sha ya miƙe, ya yi arziki, a gan shi a saman mota da keke da akwati ya nufi gida, a buga kalangu. Ya ce zai ƙara mini naɗi biyar da sabon gilashin kyamara. Na ce a'a. Alhaji ɗan kasuwa ne, ya sauko. Ya ce to a bar jana'izar yadda take, amma a ƙarshe a ƙara ƙafa goma kacal, Hamani ya fito yana dariya ya ɗaga kwalba, jama'a su san wasa ne, su tafi gida da sanyin rai. Na ce in mamaci ya tashi ya yi tallan magani, to ba a yi komai ba. Na faɗi haka da ɗaga murya, a shagon mutumin da ya ciyar da ni shekara shida.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Naɗin da na saya na bar maka. Amma motata da injina ba su kai gawa." Ya sa aka buɗe ƙofa.

Daga nan na koma haya. Inji na haya, filin makarantar allo na roƙo, majigi a kan Hamani muna tafe a ƙasa daga Nima zuwa Maamobi. Ni ke riƙe lasifika, ni ke yin muryar kowa, kuma in makara ta fito nakan faɗi sunansa da na ƙauyensu, in ce Allah ya jiƙan baƙo. Ba a taɓa yin shiru a majigina irin wannan ba. Ƙartin 'yan dako suna share ido da gammo. In aka kunna fitila sai Hamani ya miƙe daga gefen inji, a yi ta salati ana dariya ana taɓa shi. Sai dai wanda ya kalla sau ɗaya ba ya dawowa, kuma ba ya turo wani. Alhaji ya fi ni sanin mutanensa. Cikin wata biyu na ƙare da Ankara.

Sai na ɗauki fim na nufi Kumasi, gab da faɗuwar damina, lokacin da mutanen arewa ke taruwa a tasha za su koma noma. Na ce a raina ga 'yan kallo a tare wuri ɗaya. Hamani ya tambaye ni ko zai bi ni. Na duba kuɗin motar mutum biyu da abincinsa, na ce ya zauna kada ya rasa kwanakin kasuwa. Kwana tara na yi ina nunawa a bayan tasha. Na faɗi sunansa da sunan ƙauyensu kowane dare, kamar yadda na saba. In aka kunna fitila babu wanda ke miƙewa daga gefen inji. Mutanen nan kuwa majigin da suka sani na gwamnati ne, wanda ke nuna abin da ya faru. Sun ga fuskarsa a likkafani, sun ga mutum arba'in a bayan makara, sun ji mai lasifika ya yi masa addu'a. Ni da na tashi a zango, ni da na gina fim ɗin a kan al'adar kai labari, ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba.

Bayan kaka, wata safiya ina kankare fim a ɗakina, aka yi sallama. Hamani ne, da wani saurayi mai kama da shi, ƙafafunsa duk ƙurar hanya. Na shimfiɗa musu tabarma. Hamani ya ce, "Masta, wannan ƙanena ne, Seyni. Ya zo karɓar kayana."

Ban gane ba sai da ya ƙara. Mutum uku ne daga ƙauyen da ke kusa da nasu suka kalli fim a Kumasi. Ba su ma sauka gidajensu ba sai da suka biya suka yi gaisuwa, suka ce da idonsu suka gani, kuma an yi masa sutura mai kyau, jama'a ta taru. Aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Matarsa ta yi takaba ta fita. Aka raba gona. Da aka kai amfanin gona gida ta yi aure, yanzu haka tana da ciki. Shi kuma Seyni aka haɗa masa kuɗin mota ya zo ya sauke ƙunshin ɗan'uwansa kamar yadda ake yi. Ya yi ta tambaya a Makola ina masaukin marigayi Hamani, sai aka nuna masa shi yana tahowa da buhun albasa a kai.

Na ce zan rubuta takarda, zan bi su har can da majigi in nuna wa kowa, malamai su duba lamarin auren. Seyni ba ya jin Hausa sosai, ƙasa kawai yake kallo. Hamani ya girgiza kai.

"Mace yana da ciki, Masta. In na je, yaro na wane? Uwata ya yi kuka ya gama. In je ya sake wani?" Ya dube ni. "Abu ɗaya nake so. Wurin nan, ka cire."

Na ɗauko naɗin ƙarshe na ɗora a kan tebur. Na ja fim a hankali ina dubawa a hasken taga har na zo inda aka ɗaga makara. Alhaji Bawa ya yi mini tayin naɗi biyar da gilashi a kan wurin nan na ƙi. Na sa reza daidai kan layi. Na yanke sumul, Ata Kwei ya koya mini da kyau, amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na naɗe ƙafa tamanin ɗin na sa a gwangwani na miƙa masa. Bai karɓa ba.

"Ba nawa ba ne. Na wanda ya mutu ne. Ka ajiye, in wani ya zo."

Washegari ya ɗauki akwatinsa, da turmi huɗun nan da 'yan kuɗin keken da ya tara, ya kai ƙanensa tasha ya ɗora masa. Ya ce ba a zuwa karɓar kayan mamaci a koma hannu wofi. Abin da Seyni ya faɗa da ya isa gida, ban sani ba. Hamani ya koma Makola. In mun haɗu yana gaishe ni, ina amsawa, amma bai sake ɗaukar mini majigi ba, ni ma ban nema ba.

Fim ɗin da ya rage, a kan hanya yake ƙarewa, Hamani ya ba da baya da kaya a kai yana hawa tudu. Sau biyu na nuna shi haka. A na biyun wani ya ɗaga murya ya ce, "Mai majigi, ina ƙarshen?" Na ce yana Makola, ya je ya tambaye shi. Ban sake nunawa ba. Na koma wurin Alhaji Bawa da hulata a hannu, ya karɓe ni, muka ci gaba da buhunan audugar rimi.

Ba mu daɗe ba mummunar shekara ta zo. A ƙarshen sittin da tara gwamnati ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Ni haihuwar nan ne, kuma boko ya sa ina da shaida. Alhaji ba shi da ita, ya karyar da mota da inji ya tafi. Layuka suka zama kango, ƙofofi a buɗe, awaki suna shiga ɗakunan mutane. Na je tasha da kyamara a rataye, da naɗi guda a ciki. Can na hango Hamani a saman wata babbar mota cikin mutane, ba akwati, ba keke, gammonsa kawai a hannu. Ga shi dai a saman mota ya nufi gida, yadda Alhaji ya so. Hasken la'asar ya faɗo masa daidai a fuska. Ya gan ni, ya dubi kyamarar, ya dube ni. Ban murɗa ta ba. Motar ta tashi.

Bayan wannan babu 'yan kallo, babu masu talla. Na sayar da kyamara ga wani mai ɗaukar hoton biki, na koma gyaran rediyo, a kansa na tsufa. Abokan da za mu tuna wancan zamani da su duk sun bi waɗancan motoci, shi ya sa kuke ganina a benci ni kaɗai ina ƙirga muku kuskure.

To, samari, ku yi ta sakewa, Allah ya hore muku. Ba na ce ku bi bayan mai kuɗi ba, kuma ba na ce ku yi taurin kai irin nawa ba. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakanina da Alhaji ba. Na dai san ƙafa tamanin ɗin nan su ne aikin kirki guda da na yi, kuma na san wanda ya biya kuɗinsu ba ni ba ne.

Gwangwanin yana nan rataye a azarar ɗakina, na ƙulle shi a ƙyalle kamar yadda na gani a gidan Mma Azumi. Ya fara warin tsami, kuma da na duba shi a hasken taga shekarun baya, fuskokin sun soma narkewa. Duk direban da na ji ya sauko daga Yamai sai na tambaye shi labarin Hamani. Bara wani ya ce mini ya ji labarin wani tsoho mai wannan suna, wanda ya taɓa zaman Kurmi, ya rasu a wajajen Doso. Na tambaye shi ko da idonsa ya gani, ya ce a'a. Na ce masa ko da ya gani, ni ma na taɓa gani. Ban sauke gwangwanin ba.